Dan Allah a bambance min elocutio da pronuntiatio

Sabon_Ɗalibi:
Salam jama'a. Wata biyu kenan ina koyon Latin ni kaɗai, yanzu na shigo kalmomin iya jawabi sai kaina ya kulle, ni a zatona elocutio shi ne yadda mutum ke furta magana a gaban taro amma littafin da nake bi ya ce ba haka ba. Abin ya dame ni sosai saboda jawabin nake son iyawa, ranar nan na miƙe gaban mutane takarda na rawa a hannuna har na manta layin farko.

Malam_Balaga:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Elocutio zaɓen kalmomi ne da gyara jimla, tun kana zaune kana rubutu. Fitar da murya kuma pronuntiatio ne, wasu su ce actio don a haɗa da motsin hannu da fuska. Biyar ne duka a wajen Romawa, inventio wato nemo abin faɗa da hujjoji, dispositio jera su, sai elocutio, memoria hadda, pronuntiatio a ƙarshe. Sisero, shahararren mai jawabin nan na Roma, ya kawo a littafinsa De Oratore, wanda ya rubuta a shekara ta 55 kafin miladiyya, cewa an tambayi Dimostanis, gwanin jawabi na Girkawa, me ya fi muhimmanci a jawabi ya ce actio, na biyu fa, actio, na uku ma actio. Ni kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Yar_Tarihi:
Malam ka bar masa memoria, ai nan ciwonsa yake. Su Romawa ba takarda suke riƙewa ba, gida suke surantawa a zuci su ajiye kowane batu a ɗaki guda, suna kiran wuraren loci, in sun tashi magana sai su riƙa bi ɗaki-ɗaki. Gwada da exordium ɗinka, wato buɗe jawabi, ka ajiye shi a bakin ƙofa. Kalmar da ta fi burge ni kuma rostra ce, dandamalin da ake hawa a yi wa jama'a magana a Roma, asalin ma'anarta bakin tsuntsu, saboda ƙarafan goshin jiragen ruwan da Romawa suka ƙwace a Antium, wani gari a gaɓar tekun Italiya, a shekara ta 338 kafin miladiyya ne aka kafe a jikinsa.

Sabon_Ɗalibi:
Allah ya ƙara ilimi Malam, Yaya na gode ƙwarai, daren nan zan gwada na ɗakunan. To peroratio fa, rufe jawabi ne kawai ko akwai abin da dole a sa a ciki?