Hoton Japan a cikin kayan tokumbo, na sayar ko na ajiye?

Ɗan Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wa ya san harkar zanen Japan? A kayan tokumbo da yayana ya sauke na tsinci wani hoto a firam, baƙi ƙirin sai 'ya'yan ceri jajaye, ba mutum ba dabba, a ƙasa an sa hannu da fensir an rubuta 23/50. Wani ya taya dubu sha biyar amma raina bai kwanta ba.

Malamin Idi-Araba: Wa alaikumus salam, ƙanena kar ka yi gaggawa. 23/50 na nufin hamsin kacal aka buga, naka ne na 23. Yadda ka kwatanta ya yi kama da aikin Yozo Hamaguchi, an haife shi 1909 ya rasu 2000, ya daɗe a Faransa, ceri da kankana a cikin duhu da su aka san shi, har gidan adana ayyukansa aka buɗe a Tokiyo a 1998. Salon sunansa mezotin, farantin jan ƙarfe ake bi a karce shi kaf har ya riƙe tawada ko'ina sannan a sulɓe inda ake son haske, a shafa tawada a danna farantin a kan takarda, shi ya sa baƙin yake kamar karan-miski, kuma farantin saurin cinyewa yake don haka ba a buga da yawa. Sai dai akwai fosta ma fa, wato kwafin hoton da ba na asali ba. Ka karkata shi ga haske, na asali za ka ga shatin faranti ya lotsa a takardar. Ka ari gilashin masu gyaran waya, in ka ga ɗigo-ɗigo a jere reras to inji ne ya buga.

Maman Hanifa: Ni dai roƙona kar ka kai shi a yi masa laminetin, kar kuma ka yanke gefen, nan take darajar za ta zube. Danshin Legas ma kaɗai ya isa ya fito masa da tabo, ka ɗauke shi daga inda rana ke dukansa. Ni ce da ajiyewa zan yi wallahi, tunda ba mai rai a ciki ko a falo ka rataye ba damuwa.

Ɗan Obalende: Gaskiya masu kuɗin ƙasar nan aikin gida suke nema irin na mai zane ɗan Najeriya Bruce Onobrakpeya, da wuya su biya na Japan yadda ya kamata. Ka ɗauki hoton gaba da baya da sa hannun ka tura wa kamfanonin gwanjon zane Christie's ko Sotheby's ta intanet, kyauta suke ƙiyasi.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri. Malam shatin yana nan, amma takardar an manne ta da kwali ta baya, na ɓamɓare ko na barshi haka?

Malamin Idi-Araba: Bar shi yadda yake, kar ka taɓa, haka za ka tura musu.