Rola, gammo ko manaɗi? Neman sunan abin naɗe gashi a kwana da shi

1/ Matan Legas, ku matso. Akwai wani kaya da ya cika sitatus ɗin masu sayar da kayan gyaran gashi daga Agege har Idi-Araba, amma kowace da sunan da take kiran sa. Wata ta ce rola, wata ta ce "abin koyil", wata kuma ta kwafo sunan da ke jikin ledar, heatless curler, ta bar mai saye da tambayar "na mene ne?" Ina nufin abin nan da ake naɗe gashi a jikinsa da daddare, a kwanta da shi, da safe a warware gashi ya sauko a nannaɗe ba tare da ya ga wuta ba. Mu raɗa masa suna. An riga an fara muhawara a tsakaninmu, ga sunayen da aka kawo da ra'ayina a kan kowane.

2/ Kafin suna, mu san jaririn. Iri uku na fi gani a Balogun da Trade Fair. Akwai gajere na soso mai maƙalin roba. Akwai siriri mai waya a ciki, soso a waje, wanda in kin gama naɗe gashin sai ki lanƙwasa bakinsa biyu ya riƙe kansa, ba ya neman fil. Sai dogon nan na satin, mai kusan mita ɗaya, wanda TikTok ya yayata wajen 2021: a ɗora shi a tsakiyar kai, a maƙale da kilif, a raba gashi biyu, a riƙa naɗewa ana ƙara wani sili har ƙasa, a ɗaure bakin da ribom. Waɗanda ba su saya ba da safa suke yi, ko igiyar rigar wanka. Duk sunan da za mu zaɓa dole ya ɗauki waɗannan duka.

3/ Rola. Ita ce a bakin kowa, kuma ba ni da faɗa da aron kalma, ai da mota da bokiti muke rayuwa. Matsalarta ɗaya: a shagon gyaran gashi in kika ce a sa miki rola, abin da za a ji shi ne a jera miki na roba masu tauri a tura kanki cikin diraya ki sha zafi. Wato ainihin abin da ake gudu. Rola ta riga ta yi aure, a bar ta a ɗakinta.

4/ Wata ta kawo "naɗin sanyi", tunda kishiyar zafi ake nema. A'a, ƙawata. Ki tura wa mace saƙo ki ce kina da kayan sanyi, ki ga ko ba maganin ciwon sanyi za ta tambaye ki ba. "Marar wuta" ya fi shi, har ma yana da daɗi a garin da wuta ke nufin lantarki kuma ba kullum ake samun ta ba. Sai dai siffa ce, ba suna ba. Marar wuta me?

5/ Wani malamin Hausa da ke cikinmu ya ce kwarkwaro, abin da masaƙa da teloli ke naɗe zare a jiki. Ta fuskar ma'ana ya buga daidai, Allah ya ƙara ilimi, Malam. Amma a zancen gashi, kalmar da ta fara da "kwarkwa" ba ta da kasuwa. Kafin ki ƙarasa faɗa an fara sosa kai.

6/ Gammo kuwa na so shi, don dogon na satin in aka gama naɗewa aka zagaye shi a ka, gammo ne sak. To amma siririn mai waya fa? Guda 20 a kai ba su yi kama da gammo ta ko'ina ba. Sunan iri ɗaya ne, ba na dangin duka ba.

7/ Ga inda na tsaya, kuma wata Anti mai shago a Agege ce ta buɗe mini ido ba tare da ta san muhawara ake ba. Ina zaune tana ƙarasa wa wata yarinya kitson ƙari, sai ta ɗauko siraran nan masu waya ta naɗe jelar kitson, ta tsoma a tafasasshen ruwa, ta tsane da tawul. Na ce, "Anti, ba su ne marasa zafin ba?" Ta ce, "Ke dai, abu ɗaya ne. Gashin roba ba ya jin magana sai da ruwan zafi, na mutum kuwa dare ya ishe shi." Ashe rashin zafin ba a jikin kayan yake ba, a hanyar aikin yake. Kenan suna biyu muke nema: na kayan daban, na aikin daban. Turanci ne ya cusa su a buhu ɗaya, ba dole mu bi shi ba.

8/ Na kayan, Hausa ta riga ta yi mana rabin aiki. Abin taje kai mataji, abin tsefe kitso matsefi, abin buɗe ƙofa mabuɗi, abin ɗaure kaya maɗauri. Abin naɗe gashi fa? Manaɗi. Jam'i manaɗai. Manaɗin soso, manaɗin waya, manaɗin satin. Mai son gammo ma ba ta yi asara ba, ta ce manaɗin gammo kowa zai gane dogon take nufi.

An ce me ya sa ba mamurɗi ba. Saboda murɗi wani abu ne daban: ki raba sili biyu ki murɗa su a junansu, babu wani abu a tsakiya. Naɗi sai da abin da ake zagayewa, kuma kaurin wannan abin shi ke yanke girman koyil ɗin. Siririn manaɗi, ƙananan naɗi masu daɗewa. Mai kauri, manya masu saurin saki.

9/ Na aikin: naɗin kwana. Ba sai an ce "ba wuta" ba, kalmar kwana ta faɗa, kamar yadda in an ce an kwana da ƙunshi kowace mace ta san lokaci ne ya sa lallen ya kama. Kuma kwanan shi ne sirrin abin, bari in ɗan tsaya a nan.

Gashi furotin ne da ake kira keratin, kuma ɗauri iri-iri ke riƙe da siffarsa. Akwai mai ƙarfi, wanda sai sinadari irin na rilaksa ke tsinka shi, shi ya sa gashin da aka sa wa rilaksa ba ya komawa yadda yake sai sabo ya tsiro. Akwai mai rauni, na haidurojin, wanda ruwa ma ya isa ya kwance shi, in gashi ya bushe ya sake ƙulluwa a duk siffar da ya tarar da kansa. Ƙarfen miƙar da gashi wannan mai raunin yake kwancewa cikin daƙiƙu, da zafin da kan kai digiri 230, kuma a nan gashi ke ƙonewa ya riƙa karyewa. Naɗin kwana wannan aikin dai yake yi, amma da laima da haƙuri maimakon zafi. Daga bayan isha'i zuwa asuba, awa bakwai ko takwas, ki warware kafin alwala.

10/ Amma fa nan Legas ce. Laimar iska a damina takan haura kashi 80 cikin 100, kuma wannan laimar ita ce dai ruwan da ke kwance ɗaurin. Abin da 'yar Kano za ta yi a hunturu ya kwana biyu a kanta, ke kafin ki sauka daga danfo a Oshodi ya fara saki. Don haka kada ki naɗe gashi yana jagab. Ɗan danshi kawai, a fesa ruwa kaɗan, a shafa abin kama gashi, man kaɗe ɗan mitsitsi a baki-baki. In kika warware kika ji cikin da sanyi-sanyi, bai bushe ba, aikin daren ya tashi a banza. Ki ɗaura ɗankwalin satin, na auduga yana tsotse mai yana kuma cukurkuɗa gashi. Kada ki ja na gaban goshi da ƙarfi, nan ne ke fara zubewa, kuma ba ya saurin dawowa.

11/ Masu gashi irin namu, mai cika da ƙanƙancewa, wanda bai ga rilaksa ba: bidiyoyin nan yawanci da gashi mai santsi ake yin su, kada ki ga naki bai fito haka ba ki zargi mai sayarwa. Sai kin fara miƙar da shi. Kitson zare ne maganin, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira irun kiko, ko manyan kalaba a kwana da su. Washegari a yi naɗin, kuma manaɗin waya ya fi kama irin gashinmu a kan dogon na satin. Gwaggona da ta ga ana wannan hidima cewa ta yi, "Yo ba abin da muke yi da zare ba ne tun kuna ciki?" Rabin gaskiya ce, Gwaggo. Zare miƙarwa yake yi, manaɗi lanƙwasawa, amma dabarar bushewa a ɗaure ɗaya ce.

12/ Gwajin kalma shi ne a saka ta a bakin ciniki a ji ko za ta yi tuntuɓe. "Hajiya, akwai manaɗin waya? Nawa ne fakiti?" "Gobe akwai biki a Obalende, naɗin kwana zan yi." "Manaɗai nawa kika sa ya fito haka?" Ni dai ban ji ta yi ba. Mazan da suka shigo suna cewa naɗi na sarauta ne da rawani, mun ji, ranku ya daɗe, tabarma ma naɗe ta ake yi.

13/ Saura abu ɗaya ban gamsu ba: sunan abin da ke fitowa da safe. "Nannaɗaɗɗen gashi" daidai ne amma ya yi wa baki nauyi, ba mai faɗar sa a gaban madubi. "Koyil" kuma ya zauna daram a bakin 'yan mata. 'Yan Sakkwato da ke Mile 12, 'yan Damagaram da Maraɗi da ke Agege, me iyayenku ke kiran gashin jariri mai laushin nan da ke nannaɗewa da kansa? Ku ajiye a ƙasa, wataƙila kalmar tana can.