Muhawara: shin waɗanda aka ba sabon maganin sankarar hanji sun warke?

Mai Jinya: Assalamu alaikum. Yau wata biyu ke nan da aka tabbatar mana cewa yayana yana ɗauke da sankarar ƙarshen hanji, kuma likitan da ke duba shi ya ce za a fara da kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da gashi (ƙona sankarar da hasken na'ura), sannan a yi tiyata, wadda mai yiwuwa ta bar shi da jakar bahaya a gefen ciki har ƙarshen rayuwarsa. Da Yaya ya ji maganar jakar, sai ya juya fuskarsa bango, bai sake cewa uffan ba har muka fito. Ni kuwa na karanta cewa a 2022 an gwada wani magani mai suna dostarlimab a Amurka, kuma duk waɗanda aka ba su sun warke, ba tiyata, ba gashi. Na buga labarin a takarda na kai wa likitan, ya kalli kan labarin kawai, ya ninke takardar biyu ya miƙo mini, ya ce wannan ba na Yaya ba ne. Idan magani yana nan, me ya sa ake hana mu shi?

Ɗalibin Likitanci: Allah ya ba Yaya lafiya. Sai dai, Malam, kalmar "warke" ba ta cikin abin da masu binciken suka faɗa. An yi gwajin ne a cibiyar Memorial Sloan Kettering, kuma rahoton da aka fitar a watan Yunin 2022 ya shafi mutum 12 kacal, waɗanda aka riƙa yi musu ƙarin maganin ta jijiya duk bayan mako uku har wata shida. Abin da aka gani shi ne ƙarin sankarar ya ɓace, ba a same shi a hoton MRI ba, ba a kuma same shi da na'urar leƙa hanji ba. Ɓacewar ƙari daban, warkewa daban, domin ƙwayoyin sankara ƙalilan suna iya laɓewa inda na'ura ba ta gani, su taso bayan shekaru. Ban da haka, dukansu suna da wani nau'in sankarar na musamman, wanda ƙwayoyinsa suka rasa ikon gyara kurakuran da ke faruwa idan suna rabuwa, shi ya sa garkuwar jiki ke saurin gane su. Wannan nau'in bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu sankarar ƙarshen hanji ba.

Malam Dattijo: Ɗana, ina so ka fahimtar da ni. Mutum ya zo da ciwo, an ba shi magani, an duba ba a ga ciwon ba, ya koma gida yana harkokinsa. Idan wannan bai warke ba, to wane ne ya warke? Ni a iya sanina, da warkewa da rabuwa da ciwo duk abu ɗaya ne.

Ɗalibin Likitanci: Baba, a zazzaɓi haka ne, amma a sankara likitoci sukan bi mutum har shekara biyar kafin su saki jiki, kuma a lokacin da aka fitar da rahoton farko, wasu daga cikin mutanen wata shida kawai aka yi ana bibiyarsu.

Hajiya: Wannan shekara biyar ɗin wa ya yanka ta? Ƙawata an cire mata sankarar mama, ta yi shekara bakwai lafiya lau, an daina kiranta asibiti, sai ga ciwon ya dawo mata a ƙashin baya. To ita ta warke ne ta sake kamuwa, ko kuwa tun farko ba ta warke ba? Ku kanku ba ku tsayar da ma'anar kalmar ba, amma kun fi kowa saurin ƙwace ta daga bakin mai jinya.

Sista: Hajiya, abin da ya sami ƙawarki sananne ne, domin akwai nau'in sankarar mama da ke dawowa bayan shekara goma, har ma fiye. Shi ya sa mu da ke tsaye a kan marasa lafiya muke tsoron kalmar. Na taɓa ganin wanda aka ce masa ya warke, ya yaga katin asibitinsa a bakin ƙofa don murna, bai sake zuwa a duba shi ba sai da aka kawo shi a kan keken guragu. Da an ce masa ciwon ya lafa, da ya ci gaba da zuwa.

Malam Dattijo: "Lafa" kuma? Wuta ce ke lafawa, kowa ya san tana nan a ƙarƙashin toka. Idan kika ce wa mara lafiya ciwonsa ya lafa, kin hana shi barci ke nan har abada.

Hajiya: Sun fi son hakan, Malam. Kowane mai sana'a yana kare 'yan uwansa, kuma tun da aka fara wannan magana ban ji ɗayansu ya ce likitan da ya ninke takarda bai kyauta ba.

Ɗalibin Likitanci: Hajiya, ban san likitan ba, balle in kare shi. Kuma don kada a ce ina rage wa binciken daraja, a 2024 masu binciken sun sanar cewa mutum 42 sun kammala karɓar maganin, kuma a jikin dukansu ƙarin ya ɓace, abin da da wuya a ga irinsa a binciken sankara. Tushen aikin ma ba ƙarami ba ne, domin James Allison da Tasuku Honjo sun sami lambar Nobel a 2018 saboda gano yadda ake kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta yaƙi sankara. Amma gwajin ba shi da rukuni na biyu da aka yi wa tsohon magani don a kwatanta, sannan irin waɗannan magunguna suna iya sa garkuwar ta juya kan hanji ko huhu ko wasu gaɓɓan mai ita.

Hajiya: Ɗazu 12, yanzu 42. Idan muka ƙara matsa maka, wataƙila su kai ɗari.

Malam Dattijo: Ni ma na lura da haka. Kuma yaron da bai karɓi takardar shaida ba tukuna bai kamata ya riƙa gyara wa manya Hausa ba.

Sista: Baba, shekarunsa ba su canza alƙaluman ba. Malam mai jinya, ka tambayi likitan ko an yi gwajin MMR ko MSI a kan ɗan naman da aka yanka tun farko, domin galibi a kan wannan naman ake yin sa, kuma shi ne zai nuna ko Yaya yana cikin waɗanda maganin ke yi wa aiki.

Hajiya: Ga shi kuma an koma haruffa, don dai kada mu gane.

Shugaban Zaure: To, jama'a, maganar ta yi tsawo, zan rufe ta. Abin da ya fito fili shi ne masana sun yi bayani gamsasshe cewa ba a cewa mai sankara ya warke, kuma Malam Dattijo da Hajiya ba su kawo wata hujja ba sai labari da zargi. Ni da na yi shekara talatin ina aikin asibiti na san likita ba ya ninke takarda sai da dalili, saboda haka ina shawartar mai jinya ya daina kwaso labaran intanet, ya bi abin da aka tsara wa yayansa. Daga yanzu duk wanda ya sake aibata ma'aikatan lafiya za a goge saƙonsa.

Mai Jinya: Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce ba a taɓa warkewa, kuma ni ban tambayi ma'anar kalma ba. Sista, na gode, na rubuta haruffan a bayan takardar da aka ninke mini. Ranar Litinin za a fara yi wa Yaya gashi, shin in nemi sakamakon gwajin kafin ranar, ko ko bayan an fara ma ba matsala?