Muhawara a kan lamba 1,000,001

Mahaifin yaro, Agege, Legas: Assalamu alaikum. Ina so 'yan wannan zaure su yi mini alƙalanci, domin tun jiya raina a ɓace yake. Malamin lissafi ya soke amsar ɗana da jan biro saboda ya rubuta cewa 1,000,001 mara ce, wato ba ta rabuwa da kowace lamba sai 1 da ita kanta, alhali mun zauna tare a shago bayan isha'i mun gwada 2 da 3 da 5 da 7 da 11, kowacce ta bar saura. An zalunci yaron nan.

Dattijo, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ɗora wa kalmar mara kayan da ba nata ba. Mara ita ce lambar da in an kasa ta gida biyu sai ɗaya ya yi saura, kishiyarta kuwa cika, kuma da ƙwallon dabino a dunƙule cikin hannu muka koyi wannan muna yara a Kano. Ai 9 mara ce, amma tana kasuwa gida uku.

Mai tumatir, Mile 12: Baba, a gafarce ni, amma mara daga rashi take, kamar yadda ake cewa mara lafiya, saboda haka mara rabuwa yake nufi. Ba duk abin da aka faɗa a Kano ne ya zama Hausa ba.

Dattijo, Idi-Araba: Yaro, wanda ya tashi yana cewa miliyan, bai taɓa jin zambar dubu ba, shi ne zai gyara mini Hausa?

Malama, Obalende: Iyayena, ku duba lissafin kansa. Idan aka ninka 9,901 sau 101, abin da ake samu shi ne 1,000,001 daidai, don haka malamin bai yi kuskure ba. Gwaji ba ya tsayawa a 11, sai an kai 1,000 kafin a yanke hukunci. Maƙwabtanta da ba sa rabuwa su ne 999,983 da 1,000,003.

Mai tumatir, Mile 12: Baba, a Sakkwato aka haife ni, kuma kakana da zambar yake ƙirga wuri. Ina roƙo ka janye kalmar yaro, domin ina da jikoki.

Mai kula da zaure, Agege: Na rufe wannan batu. Abin da ya tabbata shi ne lambar mara ce, kamar yadda Baba ya yi bayani da ilimi, don haka ɗan maƙwabcinmu bai faɗi ƙarya ba, kuma ya cancanci ko da rabin maki. Ɗan'uwanmu na Mile 12 bai kawo hujja ba. Malama ma ta kawo wasu alƙaluma, mai kalkuleta yana iya dubawa.