Duwatsun nan da ake kafawa tsaye, wa ya ɗaga su?

Ɗan Gusau:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin tarihi ku taimaka, gardama muke a majalisa kan hoton Stonehenge, da'irar manyan duwatsun nan ta Ingila, wani ya rantse aikin Samudawa ne wai ɗan Adam ba ya iya ɗaga dutse haka ba kiren ba mota. Kuma wai mu nan Afirka muna da irin su?

Malam Na-Argungu:
Wa alaikumus salam. Mutane ne irin mu da kai, ba wasu Samudawa. Manyan duwatsun an kafa su wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), guda na kai tan 25, ƙananan kuwa tun daga Wales aka kawo su, tafiyar fiye da kilomita 200. Igiya ce da gungume da yawan hannu, sai haƙuri. Afirka kuma akwai su birjik, tsakanin Sanigal da Gambiya kaɗai da'irori sun haura 1000, irin na Wassu da Sine Ngayene, marmara ce suka sassaƙa da ƙarfe, wannan jar da muke gani kullum a fili, kuma da aka tona kaburbura aka tarar. UNESCO ta sa su a jerin kayan tarihin duniya a 2006.

Bagobira:
Ai ko nan Najeriya akwai na Ikom a Kuros Riba, Akwanshi suke ce musu, wajen 300, har fuska da cibiya aka zana musu. Abin takaici an sace wasu an kai ƙasashen waje, mu kuma ko labarinsu ba a ba yara a makaranta.

Ɗan Gusau:
To dutsen Kwatarkwashi fa malam, shi ma yana ciki?

Malam Na-Argungu:
A'a ɗan uwa, wannan halittar Allah ce, ba wanda ya kafa shi. In aikin hannu kake nema kusa da gida ka je Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, yanzu cikin jihar Sakkwato yake, ganuwar dutse ce amma ta ƙarni na 16 ce, jiya-jiya ke nan in ka haɗa da Stonehenge, kuma jera duwatsu aka yi ba kafa guda ɗaya tsaye ba.

Bagobira:
Ka dai tambayi lafiyar hanya kafin ka kama tafiya.