Rikicin Andrew Johnson da majalisar Amurka bayan yaƙin basasa

Ba'adare, Tawa: Assalamu alaikum malamai. Bayan an kashe shugaban Amurka Lincoln a Afrilun 1865, me ya haɗa magajinsa Johnson da majalisa? Kuma don me bai rushe ta ba, kamar yadda shugaba Mahamane Ousmane ya yi nan Nijar a 1994?

Malamin tarihi, Yamai: Wa alaikumus salam ƙanena. Shugaban Amurka ba shi da ikon rushe majalisa. Iyakarsa ya hau kujerar na-ƙi, ita kuma in ta tara kashi biyu cikin uku a zaurukanta biyu, doka ta wuce ko ya so ko ya ƙi. Tushen faɗan kuwa sharuɗɗan dawo da jihohin Kudu da suka ɓalle a yaƙin basasa ne. Johnson ya yi ta yi wa tsofaffin ƴan tawaye afuwa, su kuma suka koma gida suna kafa dokokin ƙuntata wa bayin da aka ƴanta. A Maris 1866 ya ƙi sa hannu kan dokar ba su haƙƙin ƴan ƙasa, majalisa ta tsallake shi a Afrilu. Da zaɓe ya ƙara wa ƴan jam'iyyar Republican masu adawa da shi rinjaye, sai a 1867 suka raba jihohin Kudu 10 zuwa yankuna 5 ƙarƙashin soja.

Lauya, Yamai: Malam ya bar tarkon da aka ɗana wa Johnson. A Maris 1867 aka yi dokar hana shugaba korar minista sai da yardar majalisar dattawa, don a kare Edwin Stanton, ministan yaƙi, tunda ta hannunsa umarni ke isa ga sojan da aka girke a Kudu. Johnson ya kore shi ran 21 ga Fabrairu 1868, Stanton ya kulle kansa a ofis, nan yake kwana. Bayan kwana uku wakilai suka tuhumi shugaban, 126 da 47. A zauren dattawa aka samu 35 da 19, alhali 36 ake bukata don a tsige shi. Ƴan Republican bakwai ne suka ɓalle, wasu don ba su son Benjamin Wade, shugaban riƙo na zauren dattawa, wanda zai gaji kujerar tunda babu mataimakin shugaba. A ganina dokar ce raunin ƙarar: an soke ta a 1887, kotun ƙoli ma ta ce a 1926 ta saɓa wa tsarin mulki.

Ba'adare: Na gode. To sojansu fa? Mu nan zaman doya da manja na Ousmane da firaminista Hama Amadou juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 ne ya raba shi.

Malamin tarihi: Janar Grant, babban kwamandan soja, ya ɓata da Johnson kan batun Stanton, amma bai yi juyin mulki ba, takarar shugaban ƙasa ya tsaya, ya ci zaɓen Nuwamba 1868. Johnson ya ƙarasa wa'adinsa a Maris 1869.