Sinadarin da ke hana roba tsufa: yana cutar da ma'aikata?

Ɗan Bompai ya rubuta:
Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen haɗa roba na wata masana'anta, kuma cikin kayan da muke aunawa akwai sinadarin da ake zuba wa roba domin kada iska ta busar da ita har ta tsattsage. Na ji ana cewa ire-irensa sun taɓa jawo wa ma'aikata ciwon dajin mafitsara. Shin maganar tana da tushe, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Malamin Kimiyya ya amsa:
Wa alaikumus salam. Tana da tushe ƙwarai. A Ingila, masana'antun roba sun yi amfani da wani sinadarin kare roba mai suna Nonox S, wanda ke ɗauke da 2-naphthylamine, har aka janye shi a 1949 saboda alaƙarsa da wannan ciwo. A Amurka kuwa, masana'antar Goodyear da ke Niagara Falls ta fara amfani da ortho-toluidine a 1957 wajen haɗa sinadarin kare taya, kuma binciken da NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta fitar a 1991 ya gano ma'aikata 13 da ciwon dajin mafitsara, alhali lissafi bai nuna za su kai 4 ba. Yau IARC, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ortho-toluidine a rukuni na ɗaya, wato na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Sai dai ba duka ne haɗarinsu ɗaya ba: IPPD da 6PPD, waɗanda aka fi sa wa taya, an fi saninsu da haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje. Ka nemi takardar bayanan tsaro da ke zuwa da kayan, domin sanin sunan naku shi ne matakin farko.

Jami'ar Lafiya ta amsa:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma akwai abin da ya fi damuna. Waɗannan sinadarai suna ratsa fata su shiga jini, saboda haka takunkumi kaɗai bai wadatar ba. Ana bukatar safar hannu da ta dace da sinadarin, da wanka kafin a tashi, kuma kada a kai kayan aiki gida iyali su wanke. Ciwon dajin mafitsara yakan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ya bayyana, kuma alamarsa ta farko yawanci jini ne a fitsari, ba tare da zafi ba. A ƙasar Hausa da yawa za su ce tsargiya ce, su sha magani su ci gaba da harkarsu. Duk wanda ya taɓa wannan aiki, ko ya daɗe da barinsa, ya gaya wa likita irin sinadarin da ya yi mu'amala da shi.

Tsohon Ma'aikaci ya amsa:
Ɗan'uwa, kada a ɗora komai a kan ma'aikaci. Na'urar zuƙe ƙura a wurin awo, da banɗakin wanka, da gwajin fitsari lokaci-lokaci, duk nauyi ne a kan masu masana'anta. Ku kai buƙatarku a rubuce ta hannun ƙungiyarku, kuma ku ajiye kwafi.